Zafin Cikin Ƙasa da Duwatsun Riruwai

An yi wannan lacca ne ga malaman kimiyya na ƙauyukan Doguwa, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum, malamai. Ku dubi tukunyar kunu a kan murhu: na ƙasa ya ɗau zafi ya taso, na sama ya huce ya nutse. Haka mantil yake juyawa, wato sashen da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa har zuwa zurfin kilomita 2,900. Sai dai a nan ake yawan tafka kuskure a aji. Mantil ba ruwa ba ne. Dutse ne daskararre da zafi ya sa yake malala kamar kwalta a tsakiyar bazara, 'yan santimita a shekara, kwatankwacin tsiron farce.

To ina narkakken dutse yake fitowa? Idan dutse mai zafi ya taso, nauyin da ke danne shi yana raguwa, sai wani kaso nasa ya narke ko da zafin bai ƙaru ba. Abin da ke faruwa ke nan a tsakiyar tekun Atlantika, inda Afirka da Kudancin Amurka ke ƙara nisa da juna. A Jafan da Indonesiya kuwa, ɓawon teku ne da ya tsufa ya yi nauyi yake nutsewa, yana jan sauran a baya. Ruwan da ya tafi da shi ƙasa shi ke sa dutse saurin narkewa, iskar da ke ciki kuma ta sa aman wutar can ya zo da fashewa.

Mu dawo gida. Kwarin Binuwai tsagewa ce da ta fara lokacin rabuwar Afirka da Kudancin Amurka, ba ta ƙarasa ba. Duwatsun Riruwai da ke kusa da mu saiwar dutse mai aman wuta ce, shekarunsa sun haura miliyan 150. Ruwa da iska sun cinye samansa, abin da ya huce a ciki ya bayyana, tare da kuzar da aka daɗe ana haƙa. Ku kai ɗalibai su ga manyan ƙwayoyin dutsen da idonsu: sanyi a hankali ne ya ba su damar girma.

Wani ya tambaya ko zai sake aman wuta. A'a, ya mutu tuntuni. Wanda ke raye yana Kamaru. A 1986 iskar kabon ta ɓalle daga tafkin Nyos, wanda ke cikin ramin bakin wani dutse mai aman wuta a can, ta kashe mutum kusan 1,700, shi ya sa aka kafa bututu a tafkin yana fitar da ita kaɗan-kaɗan.