Na zo Rishikesh neman maganin ciwon baya, dattijo ya ce in zauna kawai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da asuba. Nan ƙarfe shida da rabi ne na safe, ku kuwa a gida biyun dare ne, nasan duk kuna minshari. Ku duba bayana, kogin Ganga ke nan, daga duwatsun Himalaya yake gangarowa shi ya sa sanyinsa kamar ƙanƙara, jiya na tsoma ƙafa na janye da gudu wallahi. Wancan gadar da ke lilo Ram Jhula ce, birai sun cika ta, in ka riƙe ayaba a hannu to ka yi musu sadaka kawai.

Garin nan sunansa Rishikesh, jihar Uttarakhand a arewacin Indiya, kuma kwana na tara ke nan ban ci nama ba, don a cikin garin doka ta hana sayar da nama da giya. Giya dai ba ruwana, amma tsire, hmm, Allah dai ya kai mu gida.

Abin da ya kawo ni ciwon baya ne, zaman karatu ya cinye ni, wani ɗan ajinmu Ba'indiye ya ce in zo hutu nan in koyi yoga. Ni a tunanina yoga ai wannan ce da muke gani a Instagram, mace ta naɗe ƙafa ta ɗora a bayan wuya. Ranar farko na shiga aji na shirya tsaf zan lanƙwashe kamar lawashi, sai dattijon da ke koyar da mu, kowa Guruji yake ce masa, ya ce mu zauna. Muka zauna. Minti goma, minti ashirin, ƙafata ta yi sanyi ta mutu, kaina kuwa ya tafi Kano ya dawo ya shiga kuɗin makaranta ya fita ya faɗa kan wata magana da na yi da ƙanwata tun watan jiya. Da ya buɗe ido ya tambaye ni sau nawa zuciyata ta gudu, na ce Guruji ai ba ta ma zo ba balle ta gudu. Ya yi dariya ya ce to yau ka ga majinyacin.

Asalin maganar tana wajen wani malami Patanjali, ya tattara gajerun jimloli wajen 196 sama da shekara 1,500 da suka wuce, ana kiransu Yoga Sutra, gajeru ne don a haddace, kamar yadda almajiran ilimi ke haddace matani sai malam ya yi sharhi. Jimla ta biyu ita ce ta faɗi mene ne yoga: tsayar da kai-kawon zuciya. Ba a ambaci ƙafa ba, ba a ambaci baya ba. Misalin da Guruji ya ba mu na ruwan tabki ne, in ana ta dama shi ba ka ganin ƙasansa, sai ya kwanta. A falsafarsu akwai mai kallo, suna ce masa purusha, akwai kuma duk abin da ake kallo, prakriti, kuma abin da ya ɗaure min kai shi ne har tunaninka da fushinka suna cikin abin kallo, ba kai ba ne. Wahalar ɗan Adam a wajensu ita ce ya ɗauka shi ne wannan hayaniyar da ke cikin kansa.

Tohm, matakai takwas ya jera. Biyun farko ko tabarma ba ka buƙata. Yama shi ne abin da za ka bari: cutar da mai rai, ƙarya, sata, sakin sha'awa, da tarin abin da ba ka buƙata. Niyama kuma tsafta, wadatar zuci, juriya, karatu da bincikar kai, da miƙa wuya ga ubangijin da suke kira Ishvara. Da ya gama lissafawa na ce a raina ikon Allah, rabin wannan ai kakata ta faɗa min kyauta, ba sai na hau jirgi ba.

Na uku shi ne asana, wanda duniya ta ɗauka ta yi kasuwa da shi, kuma jimla uku kacal Patanjali ya yi a kansa. Cewa ya yi zama ya kasance daram kuma da daɗi. Shi ke nan fa. Tsayuwa da ka da sauransu daga baya suka yi yawa, wani littafin hatha yoga, wato yogar horar da jiki, na ƙarni na 15 salo goma sha biyar ya kawo, irin wadda ake yi a ɗakunan motsa jiki yanzu kuwa ta bunƙasa ne a hannun wani malami Krishnamacharya a birnin Mysore wajen shekarun 1930, ɗalibansa irin su Iyengar da Pattabhi Jois suka yaɗa ta har Turai da Amurka. Garin nan ma Turawa sun ƙara saninsa ne bayan mawaƙan Beatles sun zo a 1968.

Na huɗu pranayama, sarrafa numfashi, ja da riƙewa da saki a hankali. Wannan kam na ga amfaninsa, ina toshe hanci ɗaya in ja ta ɗaya, barci na ya gyaru. Na biyar pratyahara, janye ido da kunne daga waje kamar kunkuru ya shige ɓawonsa, kuma nan na faɗi warwas don wayata tana aljihu tana zuu ina jin ta har cikin ƙashina. Ukun ƙarshe a haɗe suke, dharana ka ɗaure zuciya a wuri ɗaya, dhyana ta zauna a wurin ba yankewa kamar zubar mai daga kwalba, samadhi kuma mai kallon ya manta da kansa sai abin kallon ya rage. Wai a wannan matakin akan samu wasu baiwowi na ban mamaki, amma Patanjali da kansa ya ce cikas ne, kar mutum ya tsaya nan.

Nasan tambayar da za ta cika min waya: Malam, kai Musulmi me ya kai ka? Ba sabon abu ba ne Musulmi ya karanci wannan, Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci tun ƙarni na 11. Amma karatu daban, ibada daban, kuma duk wanda ya ce muku yoga motsa jiki ce zalla bai zo garin nan ba, addini ne a jikinta, da yamma a bakin kogin nan ana kunna fitilu ana bauta. A Malesiya ma majalisar fatawa ta hana Musulmi yogar da ke haɗe da zikirorin addinin Hindu a 2008. Ni abin da nake yi, ba na furta Om, kalmar zikirinsu, ba na yin surya namaskar tunda gaisuwa ce ga rana, in sun fara sai in koma gefe in yi miƙa ta. Na faɗa wa Guruji tun ranar farko, ya kaɗa kai irin na Indiyawa ɗin nan da ba ka sanin e ne ko a'a, bai ƙara tada maganar ba. Fatawa kuwa ku tambayi malamanku, ni ɗalibin haɗa magunguna ne.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Shekaranjiya ina sallar isha'i a ɗaki na kama kaina a raka'a ta uku ina lissafin kuɗin motar komawa Dehradun, shekara nawa ina haka ban taɓa lura ba sai da wani dattijo ya sa ni zaman minti ashirin ina gadin zuciyata. Bayan nawa dai ya yi sauƙi kaɗan, ba sosai ba.

Kai, ku ga wannan birin, tun ɗazu yake kallon jakata. Bari in matsa, ƙarfe bakwai ake shiga aji kuma shayi ma ban sha ba.