Ciwon Tsakuwar Ciki a Lokacin Kullen Korona

Masu kallo, barkanmu da warhaka.

A watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba. Italiya ta riga ta kulle, Ingila ta bi sahu ranar 23 ga wata. Jama'a suka zauna a gida, suka kuma ƙaurace wa asibiti. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ƙirga cewa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Afrilu masu zuwa sashen gaggawa sun ragu da kashi 42 cikin ɗari a kan daidai lokacin a 2019.

Cikin waɗanda suka ƙi zuwa har da masu ciwon tsakuwar ciki, wato afendis. Shi afendis ɗan reshe ne mai kama da yatsa a jikin babban hanji, can ƙasan ciki ta dama. In bakinsa ya toshe sai ya kumbura, ƙwayoyin cuta su taru. Ciwon kan fara a wajen cibiya, ya gangara dama, ga tashin zuciya, ga zazzaɓi, abinci ya fita a rai. Da an wuce kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, haɗarin fashewarsa ya ƙaru. In ko ya fashe, mugunya ta bazu a ciki, tiyatar da za a sallami mutum washegari ta koma jinyar kwana da kwanaki.

Kulle ya cinye waɗannan sa'o'i ta fuska biyu. A gida, mai zazzaɓi ya ɗauka korona ce, ya killace kansa yana shan maganin rage zafi. Wani ya kira likita a waya. To likita ba ya iya danna ciki ta waya, kuma dannawar nan ce ke fara nuna masa inda matsalar take.

A asibiti ma ba a tsira ba. Sai an jira sakamakon gwajin korona. An mayar da wasu ɗakunan tiyata wurin kwantar da masu fama da numfashi, masu ba da allurar barci sun koma can. Likitocin tiyata kuma suna ɗari-ɗari da aikin kyamara, wato tiyata ta ƙananan ramuka, wanda ake hura iska a ciki, don gudun kada iskar ta fito da cutar. Tsoron yin tiyata yana da tushe ta wani gefen: binciken COVIDSurg na ƙasashe da dama ya nuna cewa cikin masu korona da aka yi wa tiyata iri-iri a farkon annobar, kusan ɗaya cikin huɗu ya rasu a kwana 30.

Ga inda lissafin ke da ɗaure kai. Asibitoci da yawa sun ga masu afendis sun ragu, amma kason waɗanda nasu ya fashe ya hau. Jinkiri ne? Lalle yana ciki. Sai dai akwai alamar cewa wasu masu sassauƙan ciwo sun warke a gida da kansu, masu tsanani ne kawai suka iso. Ni dai ina ganin duka biyun sun faru, kuma wanda ke kwance yana riƙe da ciki ba shi da hanyar sanin a wane rukuni yake.

Dole ta sa likitoci da dama suka jingine wuƙa suka koma ga maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ana cikin haka, a Oktoban 2020, gwajin CODA na Amurka, wanda ya kwatanta magani da tiyata, ya fito da sakamakon mutum 1,552. Cikin waɗanda aka ba magani, kusan bakwai cikin goma sun kai kwana 90 ba a yi musu tiyata ba. Amma masu dunƙulen bahaya mai tauri a bakin afendis, kashi 41 cikin ɗarinsu sai da aka yanka. Ana gane su ne da hoton CT, na'urar duba cikin jiki da a wancan lokacin take cike da layin masu ciwon huhu, kuma sai an goge ta tsaf kafin wani ya hau.