Yadda Ake Gyaran Gashin Babban Kare a Gida Idan Ya Cuɗe

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. A gidaje da dama na Garwa da Marwa da Ngaundere, har zuwa Njamena, an soma ajiye manyan karnukan gadi masu dogon gashi, musamman irin karnukan da ake kira makiyayin Jamus da kuma makiyayin Kokeshiya, wanda namijinsa yakan kai kilo 50 ko ya wuce. Asalin waɗannan karnuka daga ƙasashen sanyi ne, don haka gashinsu hawa biyu ne. Akwai na sama, mai tsawo da kauri, wanda ke kare fata daga rana da ruwa, akwai kuma na ƙasa, mai laushi da yawa, wanda ke zuba a kai a kai. Idan na ƙasan ya zuba ba a taje shi an fitar ba, sai ya maƙale a cikin na sama, ƙurar hunturu da maiƙon jiki su haɗa shi, ya dunƙule ya zama curi.

Abin da ke yaudarar masu gida da yawa shi ne, cuɗewar ba daga waje take farawa ba. Za ku ga kare yana sheƙi bayan an shafa masa buroshi a sama, alhali a gindin gashin, daidai kan fata, curin ya riga ya kama. Ku dubi wannan kare da ke gabanmu. Bayansa sumul yake, amma da aka sa yatsu a bayan kunnensa sai ga dunƙule mai tauri wanda mataji ba ya iya ratsawa. Haka za ku tarar a hammata, da matsematsi, da ƙarƙashin abin wuya inda sarƙa ke goga kullum, da bayan cinyoyi, da gindin wutsiya. Duk inda jiki ke gogar jiki, nan ne za ku fara dubawa. A wannan yanki namu kuma akwai ƙarangiya, wadda da zarar ciyawa ta bushe bayan damina take maƙale wa duk abin da ya ratsa ta, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta tattara gashin da ke kewaye da ita cikin ƴan kwanaki.

Curin ba muni kawai yake jawo wa kare ba. Yana jan fata duk lokacin da dabbar ta motsa, yana hana iska shiga, yana riƙe danshi, kuma a ƙarƙashinsa ne kaska da ƙuma ke samun mafakar da ido ba ya kaiwa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa kan kai digiri 40 ko ya haura, karen da gashinsa ya toshe yana cikin wahala ƙwarai, domin shi ba ya zufa a jiki kamar mutum, da haki yake rage zafi. Da damina kuwa, fatar da ke ƙarƙashin jiƙaƙƙen curi takan yi gyambo, ƙudaje su yi ƙwai a ciki, mai gida bai sani ba sai wari ya fito.

Kafin a taɓa ruwa, a tsaya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma niyya mai kyau ce ke kawo shi, domin mutum ya ga karensa ya yi datti sai ya ɗauko bokiti da sabulu. Ruwa yana ƙara ɗaure curi, kuma idan ya bushe sai ya fi yadda yake da farko tauri. Tsefewa ake fara yi a bushe, wanka ya biyo baya.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar mataji na ƙarfe mai haƙora masu tazara a gefe ɗaya da matsattsu a ɗaya gefen, da buroshi mai siraran wayoyi, da ɗan garin sitaci na masara. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a inuwa, a shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma domin kare ya samu wurin tsayawa ba tare da santsi ba. Kare mai wannan girma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Wanda ya saba ba shi abinci shi ya kamata ya riƙe kansa yana yi masa magana, ɗayan kuma yana aiki. Idan an san yana da saurin cizo a sa masa takunkumi, amma irin wanda zai bar shi ya buɗe baki ya yi haki, kuma kada a bar shi a kansa na dogon lokaci cikin zafi. Ya kamata kuma a tabbatar an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin ko kare mai haƙuri yakan kai cizo idan an ja masa wurin da ke ciwo.

Yanzu ku lura da hannun mai aikin. Ya barbaɗa garin sitaci a kan curin ya murza shi da yatsu domin silin gashin su sami santsi. Sannan ya kama gindin curin da yatsu biyu, ya danne shi kusa da fata, ta yadda duk jan da mataji zai yi a hannunsa zai tsaya, ba zai kai ga fatar karen ba. Da ɗaya hannun yana tsefewa daga bakin gashin yana komawa ciki kaɗan-kaɗan, kamar yadda mata ke tsefe tsohon kitso. Ba ya cusa mataji a gindi ya finciko. Idan curin babba ne sai ya yage shi da yatsu ya raba shi ƙanana, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarangiya kuma ana zare gashin ne daga jikinta sili-sili har ta saki, maimakon a ja ta da ƙarfi.

Idan an gama da curaye sai a taje sauran jiki layi-layi. Ana ɗaga gashin da tafin hannu har a ga fata, a taje abin da ke ƙasa da hannun, sannan a matsa sama kaɗan a sake buɗe wani layin, daga ƙafa zuwa gadon baya. Alamar an gama wuri ita ce mataji ya shiga har fata ya fito ba tare da ya tsaya ba. Ba dole ne a kammala a zama ɗaya ba. Idan kare ya soma haki sosai, ko yana juyowa yana kallon hannu, a ba shi ruwa a sake shi, gobe a ɗora daga inda aka tsaya. A ganina wannan ya fi a danne shi da ƙarfi, domin karen da aka wahalar sau ɗaya zai riƙa gudu duk ranar da ya ga mataji.

Akwai curin da ba ya tsefuwa, wanda ya manne da fata har haƙoran mataji ba sa iya shiga tsakaninsu. A nan hannu yakan tafi ga almakashi ko reza, kuma nan ne hatsarin yake. Curin yana jan fata ya ɗago ta cikinsa, musamman a bayan kunne da hammata inda take da siranta, sai mutum ya yanke fata yana zaton gashi yake yankewa. Injin aski shi ne abin da ya dace, a kwantar da bakinsa a kan fata a bi ta ƙarƙashin curin a hankali. Bakin injin yana yin zafi da sauri, don haka a riƙa taɓa shi a bayan hannu, idan ya ɗauki zafi a dakata. A aske wurin da ya lalace kawai. Aske lafiyayyen gashi ƙwal da sunan rage zafi ba taimako ba ne, domin rana za ta ƙona fatar, kuma gashin yakan dawo ba daidai ba.

Bayan haka sai wanka, da sabulun da aka yi domin karnuka. Omo da sabulun wanki suna busar da fata su jawo ƙaiƙayi. A ɗauraye sosai, a tsane ruwan da tawul ta hanyar dannawa, kada a cuɗa, sannan a sake tajewa idan ya bushe har gindi. A Ngaundere, inda tudun Adamawa ke sa danshi ya daɗe da damina, wannan busarwa tana buƙatar ƙarin kulawa. Kaskar da aka gani a kama ta kusa da fata a zare ta a miƙe. Kada a shafa kananzir ko fetur ko baƙin man mota, kuma kada a ɗauki maganin feshin shanu a zuba wa kare bisa kintace, domin yana iya zama guba a gare shi.

Idan aka buɗe curi aka tarar da gyambo mai ruwa, ko tsutsa, ko wari, ko kunne ya kumbura bayan an cire abin da ya ɗaure shi, aikin ya wuce na gida, sai likitan dabbobi. Haka nan idan cuɗewar ta game jiki duka, domin irin wannan aski wani lokaci sai an yi wa kare allurar kwantar da jiki. Wanda kuma aka tsefe lafiya, tajewa sau biyu ko uku a mako ta isa ta hana curin dawowa, a kuma cire abin wuyansa a duba ƙarƙashi duk lokacin da ake tajewar.