Littafin da ake warwarewa kamar hanya

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a kan wasu littattafai ne da masu zane ke ƙerawa da hannunsu, su ɗauki tafiya su zuba ta a jikin takarda.

Mu fara da birnin Paris, a shekarar 1913. Wani marubucin waƙa ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Blaise Cendrars, da wata mai zane haifaffiyar Yukren, Sonia Delaunay, suka haɗa hannu a kan wata doguwar waƙa. Labarin saurayi ne ɗan shekara 16 da ya hau jirgin ƙasa daga Mosko, ya ratsa Siberiya, ya nufi birnin Harbin na ƙasar Sin, a lokacin da Rasha da Japan ke gwabza yaƙi. Tare da shi akwai wata yarinya 'yar Faransa, wadda kome jimawa sai ta sake tambayarsa ko sun yi nisa da unguwar Montmartre ta birnin Paris.

Littafin ba shi da shafin da ake juyawa. Falle huɗu aka liƙa, tsawonsu ya kai mita 2, sannan aka ninke kamar taswira. In ka warware shi, can sama za ka ga taswirar layin dogon. A dama rubutun waƙar ne, haruffa manya da ƙanana, kowane da launinsa. A hagu kuwa ja da shuɗi da ruwan ɗorawa ne ke gangarowa suna cakuɗewa, tamkar abin da ido ke tsinta ta tagar jirgi mai gudu. Can ƙasa sai ga hasumiyar Eiffel ta Paris, jawur. Nan ne abin ya fi taɓa ni. Jirgi ya yi gabas, amma idon mai karatu gida yake sauka, inda zuciyar yarinyar nan ta tsaya tun farko.

Sun yi niyyar buga kwafi 150, don in an jera su baki da baki su kai mita 300, tsawon hasumiyar ke nan. Amma da hannu ake shafa launin kowane kwafi, aikin ba ƙarami ba ne, kuma ba su kai ga cika adadin ba.

Bayan shekara 50, a Amurka, wani mai zane mai suna Ed Ruscha ya bi wata hanyar daban. Ya saba tuƙa mota daga Los Angeles zuwa garin da ya tashi, Oklahoma City, a kan babbar hanya mai lamba 66. Sai ya ɗauki hotunan gidajen mai 26 na kan hanyar, ya buga kwafi 400 a 1963. Ba labari, ba ado, sai sunan gidan mai da garin da yake. Babban ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar ma ya mayar masa da kwafin da ya aika. Ni kuwa ina ganin duk direban da ya taɓa yin doguwar tafiya zai gane littafin nan take, don da wurin shan mai yake lissafin hanyarsa. A 1966 Ruscha ya ɗora kyamara a bayan mota, ya ɗauki kowane gini na wani yanki na titin Sunset da ke Los Angeles, ya jera su a takarda guda da ta haura mita 7.

Wanda ya taɓa kwance igiyar gafaka, ya ɗaga warƙa ɗaya-ɗaya har ya iso kan zayyana, ya san cewa hannu ma yana karatu.

Shi ya sa halin da littattafan nan suke ciki a yau yake damuna. Sun yi tsada, da yawansu sun koma gidajen adana kayan tarihi. Ba na ganin laifin masu adanawa, takardar da ta haura shekara 100 ba ta jure yawan taɓi. Sai dai littafin 1913 an yi shi ne don mutum ya warware ninki bayan ninki, bai san abin da ke gaba ba. Yanzu a miƙe ake rataye shi bayan gilashi, mai kallo na ganin Mosko da Paris a lokaci guda, hannuwansa a baya.