Jigon 'yanci a ƙagaggun labaran Amurka: yadda ake karanta Huckleberry Finn

Assalamu alaikum, ɗalibai da malamai. Duk mai neman jigo a tsofaffin ƙagaggun labaran Amurka, ya fara da tambaya ɗaya: wa ke ba da labarin, kuma me ya kasa gani? Da wannan tambayar za mu shiga littafin Mark Twain, Adventures of Huckleberry Finn, wanda ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma a 1885.

Babi 43 ne, kuma yaro ne ke magana, Huck, ɗan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu, wanda ya tashi a Missouri lokacin da bauta ke kan ganiyarta. Ya gudu daga ubansa mashayi, ya haɗu da Jim, bawan da ya tsere don ya ji za a sayar da shi. Suka hau katakan da aka ɗaure wuri guda, suka bi kogin Misisifi.

Ku buɗe taswira kafin ku karanta, wannan wajibi ne. Kogin kudu yake gangarawa, wato can cikin ƙasar bauta. Niyyarsu su tsaya a garin Cairo na jihar Illinois, ba Alƙahirar Masar ba, inda kogin Ohayo ke shigowa, su bi shi zuwa jihohin da babu bauta. Hazo ya rufe su, suka wuce mahaɗar cikin dare. Wanda bai ga taswira ba ba zai gane cewa daga babi na 16 kowace tafiya nisanta Jim take yi da 'yanci ba.

Kuskuren da masu karatu suka fi yi a babi na 31 yake. An sayar da Jim a kan dala 40. Huck ya rubuta wa uwargijiyar Jim, Miss Watson, wasiƙa zai tona inda yake, domin an koya masa cewa taimakon bawa sata ce kuma zunubi. Ya riƙe takardar hannunsa na rawa, ya tuna daren da Jim ya bar shi ya yi barci ya yi masa gadi. Sai ya yage ta, ya yarda zai shiga wuta. Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta cewa yaron ya gane bauta mugun abu ce. Bai gane ba! Har a lokacin yana ganin kansa mai laifi. Marubucin ya bar wa mai karatu ne ya ga abin da yaron ya kasa gani, kuma a nan jigon yake: al'ummar da ta lalata tarbiyyar ɗanta har alheri ya zama masa zunubi.

Harshen ma yana ba da wahala, domin Twain ya rubuta shi da karin harshen mutanen yankin. Ku karanta maganar Jim da ƙarfi, kunne zai kama abin da ido ya kasa. Akwai kuma kalmar cin mutuncin baƙar fata da ta zo fiye da sau 200, malami ya yi wa aji bayaninta tun kafin a fara.

Ƙarshen littafin ne masana suka fi saɓani a kai. Tom Sawyer, abokin Huck, ya dawo ya mai da kuɓutar da Jim wasan yara, alhali ya san Miss Watson ta rasu ta 'yanta shi a wasiyyarta. A ganina da gangan aka yi hakan: an soke bauta a 1865, amma lokacin da littafin ya fito jihohin kudu sun riga sun fara ƙwace wa baƙaƙen fata haƙƙin da doka ta ba su.