Ferrari 330 P4: Ramuwar Gayya a Daytona

Masu kallo, ku dubi wannan jar motar da kyau. Sunanta Ferrari 330 P4, kuma fushi ne ya haife ta.

A 1963 kamfanin Ford na Amurka ya nemi sayen Ferrari. Ciniki ya kusa faɗawa, sai Enzo Ferrari, mai kamfanin, ya lura cewa ikon sashen tsere zai kuɓuce masa, ya ce ya fasa. Henry Ford na Biyu, shugaban Ford, ya ji haushi, ya zuba kuɗi aka ƙera motar tsere GT40 don a kayar da Ferrari a Le Mans ta Faransa, tseren awa 24 da Ferrari ta lashe sau shida a jere daga 1960 zuwa 1965. A 1966 haƙarsa ta cimma ruwa. Motocin Ford suka ɗauke na ɗaya, na biyu da na uku, su kuwa motocin Ferrari 330 P3 ko ɗaya ba ta kai ƙarshe ba.

A Maranello, gidan Ferrari a Italiya, injiniya Mauro Forghieri da mutanensa suka koma aiki. Ba su bi Ford wajen girman inji ba, domin na Ford lita 7 ne, nasu lita 4. Dabara suka sa. Injin mai silinda 12 ne, sai suka ba kowace silinda bawul uku, biyu na shigar iska ɗaya na fitar hayaƙi, tsarin da suka ɗauko daga motarsu ta Formula 1. Ƙarfinsa ya kai doki 450, motar kuma nauyinta bai wuce kilo 800 ba. Giyabos ɗin kamfanin ZF da P3 ta yi amfani da shi ma aka cire, suka ƙera nasu. P4 guda uku kacal aka yi, sai wata P3 da aka sa mata injin P4 ta koma P3/4.

To, ga tseren awa 24 na Daytona, Fabrairun 1967, a Amurka, ƙasar Ford. Tun Disamba Ferrari ta zo ta gwada motocinta a wannan fili. Da tsere ya yi nisa, giyar motocin Ford ta riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya, makanikai suna ta canji. Gari ya waye Ferrari ce a gaba. Lorenzo Bandini da Chris Amon na ɗaya, Mike Parkes da Ludovico Scarfiotti na biyu, Pedro Rodríguez da Jean Guichet na uku a cikin wata Ferrari, 412 P. Aka jera su kafaɗa da kafaɗa suka tsallake layi tare, don masu hoto su samu abin ɗauka. Ramuwar gayya, an ce, ta fi ta gayya zafi. Abin dariya, wadda ta zo ta ɗayan ma tsohuwar P3/4 ɗin nan ce.

A Afrilu Bandini da Amon suka sake cin tseren kilomita 1000 na Monza. A watan Mayu Bandini ya rasu bayan haɗarin da ya yi a Monaco.

Amma fa a faɗi gaskiya, abin da aka ƙera ta dominsa ba ta same shi ba. A Le Mans, Ford Mk IV ta Dan Gurney da A.J. Foyt ta fi ta gudu a doguwar miƙar Mulsanne, P4 ta ƙare ta biyu da ta uku. Sai a Brands Hatch ta Ingila, inda Amon da Jackie Stewart suka zo na biyu, makin ya ishi Ferrari ta ɗauki kambin shekara a gaban Porsche.

Shekara ɗaya ke nan rayuwarta. Hukumar tsere ta ce daga 1968 injin irin waɗannan motoci kada ya wuce lita 3, Enzo ya fusata ya janye. Biyu daga cikin ukun aka sauya musu jiki don tseren Can-Am na Kanada da Amurka, mai lamba 0856 ce kaɗai ta tsira da ainihin siffarta. Le Mans kuwa, Ferrari ba ta sake lashe ta ba sai 2023, da 499P.