Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kaduna a Kwalejin Barewa, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, wakilan masarautar Zazzau, iyayenmu na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, malamai abokan aiki, da 'ya'yanmu ɗalibai, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Mun san aiki ya yi maka yawa a Kaduna, amma ka tako da ƙafarka har unguwar Gaskiya, mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Tarihin wannan gida ba ɓoyayye ba ne. A Katsina aka kafa shi a 1921 don horar da malamai, ya koma Kaduna a 1938, ya zauna a Zariya a 1949, aka raɗa masa suna Barewa a 1971. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa tun zamanin Katsina suka yi karatu. Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk 'ya'yan makarantar nan ne. Ko wasan ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu, wanda Sardauna ya shahara da shi, daga Katsina muka gado shi.

Sai dai, ranka ya daɗe, abin da na fi so ka gani yau shi ne yaran da ke zaune a gabanka. Da yawansu 'ya'yan manoma ne da ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikata, waɗanda iyayensu ba su da halin kuɗin makarantu masu zaman kansu. Makarantar gwamnati ita ce ƙofarsu, kuma ina da yaƙinin a cikinsu akwai likitoci da injiniyoyi da alƙalan gobe.

A manyan ajujuwa yaro yana zaɓar ɓangaren da zai bi, kimiyya ko adabi da zamantakewa, daga nan sai WAEC da NECO. Anan ne darasin allo kaɗai ba ya isa. A jarabawar gwaji ta Kemistiri, yaro zai tsaya gaban bututun gilashi yana sakin ruwan asid ɗigo-ɗigo, idonsa a kan kwalba, yana jiran daidai lokacin da launi zai juya. Ɗigo ɗaya ya wuce, lissafi ya ɓaci. Hannu ne ke koyon wannan, sai an yi an sake yi, kuma kowane gwaji yana cin sinadari.

Haka lamarin kwamfuta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaron da ya san amsa sarai, amma yatsunsa ba su saba da madannai ba, lokaci zai ƙare masa yana lalube. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru, kusa da mu, kuma ba ma so jarabawar sa'o'i biyu ta raba ɗanmu da ita saboda abin da za a iya koya masa a zango ɗaya.

Muna da muhawara da kacici-kacici da wasannin motsa jiki tsakanin gidajen kwana, kuma malamanmu, Allah Ya ba su lada, su ne ke tsayawa bayan an tashi don waɗannan.

Roƙonmu ga gwamnati, ta hannunka, shi ne ƙarin malaman lissafi da kimiyya, kayan gwaji a kan kari kafin jarabawa, da ƙarin kwamfutoci tare da wutar sola da za ta riƙe su. Tsofaffin ɗalibai suna iya ƙoƙarinsu, muna kuma gode musu, amma nauyin ya fi ƙarfin ƙungiya ɗaya.

Bayan jawabinka, ranka ya daɗe, ɗaliban ajin ƙarshe sun shirya maka gwaji a ɗakin kimiyya, daga nan mu zagaya gidajen kwana. Allah Ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.